Iskar Luderiz: wa za ta fara haska wa gida?

A kudancin gaɓar tekun Namibiya, kusa da garin Luderiz, iska ba ta hutawa. Yashi take kwasowa daga hamada ta zube a kan kwalta, sai an kawo katafila an share kafin motoci su wuce. Wannan iskar ce kamfanin Hyphen, wanda Enertrag na Jamus ke da hannun jari a ciki, yake so ya mayar da ita haidirojin, wato wani gas da ake amfani da shi a matsayin makamashi. Gwamnati ta zaɓe shi a 2021, aka sa hannu kan yarjejeniya a 2023, kuɗin aikin kuwa ya kai kusan dala biliyan 10.

Dabarar ta burge ni. Iska ta juya manyan fankoki su ba da lantarki, a ratsa lantarkin cikin ruwa ya rabu, a kama haidirojin a ajiye. Iskar da ba ta kamuwa a hannu ga ta ta shiga rumbu.

Sai dai rumbun nan akwai tsada. Samar da kilo ɗaya na haidirojin kan ci wuta wajen yunit 50 da ruwa tsarkakakke aƙalla lita 9, a ƙasar da sai an tace gishiri daga ruwan teku. Ajiyar ta fi wuya: ko a matse shi da ƙarfi a tukwanen ƙarfe, ko a sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri kafin ya zama ruwa. Shi ya sa Hyphen ya zaɓi haɗa shi da nitirojin, wani gas da ke cikin iska, ya zama sinadarin amoniya mai sauƙin ajiya, a loda a jirgin ruwa zuwa Turai. In kuma aka sake mayar da haidirojin lantarki, fiye da rabin wutar ta tafi a hanya.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Har yau Namibiya na sayo yawancin wutarta daga maƙwabta, kusan rabin mutanenta kuma ba su da lantarki a gida. Me zai sa a yi wannan doguwar hanya mai asara domin masana'antun Turai, alhali waya kawai za a ja wutar ta isa ƙauye?

Ban ce a soke aikin ba. Amoniya ita ce uwar takin zamani, manoman Afirka kuwa sun san kuɗin buhu. A fara ba layin wutar ƙasa kasonsa, a gina masana'antar taki a gida, sannan abin da ya rage a kai tashar jirgi. Kuma kafin a faɗaɗa tashar Luderiz, a saurari al'ummar Nama, waɗanda sojojin mulkin mallakar Jamus suka tsare kakanninsu a tsibirin Shark da ke bakin wannan tasha, dubbai suka mutu a can.