A cire direban tirela daga rigimar gwamnatoci

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Illela a watan Agustan 2023 ba zai manta da abin da ya gani ba. Tireloli jere a gefen titi har inda ido ya ƙure, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, yaran mota sun kafa murhu da duwatsu uku suna dafa garau-garau. A can ƙetare, wajen Ƙonni, haka abin yake. Sojoji sun hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta ƙaƙaba takunkumi, aka datse iyaka. Direban da ya yi lodi tun kafin juyin mulkin bai ci nanin ba, nanin ta ci shi. Mai siminti zai iya jira. Mai albasa kuwa, da damina, yana ji yana gani ruwan ruɓa ke ɗiga daga ƙarƙashin tamfol. Sai watan Maris na 2024 aka sake buɗe ƙofa.

Ba wannan ne karon farko ba. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki don hana shigo da shinkafa. Illela da Maigatari sun buɗe a Disambar 2020, Jibiya da Kamba sai Afrilun 2022.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, rufe iyaka mai gaskiya yake kamawa. Tsakanin Najeriya da Nijar akwai kusan kilomita 1,500, mafi yawansa fili ne fetal, gonar wannan ƙauye na haɗe da ta wancan. Tirela mai ɗauke da ɗaruruwan buhuna ba ta iya bin ɓarauniyar hanya, dole ta zo bakin ƙofa da takardunta. Babur da a-kori-kura kuwa ko'ina hanya ce gare su. Ranar da aka garƙame ƙofa, ɗan fasaƙwauri kakarsa ta yanke saƙa, gwamnati ta yi asarar kuɗin fito, mai motar da ya ci bashi ya sayo ta ya shiga uku.

Za a ce ai akwai matsalar tsaro, kuma gaskiya ne. Mutanen Jibiya da na kudancin Maraɗi sun san azabar 'yan bindiga, kuma makamai na ratsa wannan iyaka. Ina goyon bayan a bincika kowace mota da kyau, a ɗaga tamfol, a duba har ƙasa. Amma a yi shi sau ɗaya, a wurin da aka tanada. Daga Katsina zuwa Jibiya tafiya ce da bai kamata ta kai awa guda ba, sai ka ga shinge bayan shinge, kowa na jiran na goro, ba mai leƙa abin da ke cikin bodi. A ɓangaren Nijar ma direbobi na kukan 'yan duwan (kwastan) da jandarma. Kuɗin nan ba ya tsayawa a aljihun direba: mai kaya zai ɗora shi a kan buhu a kasuwar hatsi ta Dawanau, uwargida ta biya a kan kwanon wake.

Yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025, ba sauran jingina da inuwar ƙungiya. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai hedikwata a Yamai. Aikinta ke nan: a zauna a rubuta yarjejeniyar da za ta ce ko da shugabanni sun saɓa, motar abinci da magani da dabbobi za ta wuce, a ƙayyade yawan shingaye tsakanin Kano da Maraɗi da tsakanin Sakkwato da Tawa, a liƙa kuɗin kowace takarda a bango, da Hausa, inda direba zai karanta.

Kada kuma a ce mu jira jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi. Ina maraba da shi, amma dogo ba zai je Galmi ya ɗauko albasa ba, ba zai shiga kasuwar dabbobi ta Maigatari ba. Ko bayan an gama shi, tirela ce za ta kai kaya tasha, ita ce za ta kwaso su.