Laifin ba na kakanninmu ba ne

Wai wani littafi ya ɗora wa dattawa laifin sauyin yanayi, ni wallahi ban yarda ba. Kakana da garma ya yi noman gyaɗa, ko keke bai mallaka ba, wane hayaƙi ya saki? Masana'antun Turai da Amurka ne suka fi ɗumama duniya. Amma kududdufan cikin birnin Kano da aka cike aka yi gini a kai, har ruwa ya rasa hanya ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya jiƙe atamfofi dila-dila, ai a gabanmu aka yi, har da sa'anninmu a masu sayen filayen. Malam mai cewa matasa wankakku ne, ledar fiya wata da ta toshe kwatar layinku wa ya jefa?