Blondin: Kalma Ɗaya, Ga Mai Gashi Ga Injin Ɗaga Kaya

Jama'a, duk mai fassara takardun aikin gini daga Faransanci ya kula da kalmar "blondin". Asalinta "blond" ne, wato gashi mai ruwan zinare. A Rashanci blondin namiji ne mai irin wannan gashi, a harshen Suwidin mace ce, Jamusawa kuma su ce Blondine. Amma a bakin injiniyan Faransa da ke gina dam, blondin inji ne mai ɗaukar kaya a kan igiyar ƙarfe. Wanda ya bi ƙamus ido rufe zai sa saurayi ya ɗaga tan goma na kankare.

Mutum ɗaya ne ya haɗa ma'anonin. Jean-François Gravelet, Bafaranshe ɗan wasan tafiya kan igiya da aka fi sani da Charles Blondin, ya tsallaka kwazazzabon Niagara, da ke tsakanin Amurka da Kanada, ranar 30 ga Yuni 1859, a kan igiya mai tsawon mita 340 ko kusa da haka. Sunansa ya bazu, sai masu fasa dutse a Sikotilan da Wales suka laƙaba wa injinsu. A ganina sunan ya dace, a bar shi yadda yake, kamar yadda ba wanda ya damu ya fassara Maggi, alhali shi ma sunan mutum ne.

Ga yadda injin yake. Ana kafa hasumiya biyu, ɗaya a kowace gaɓar kogi ko rami, a ɗaure babbar igiya a tsakaninsu. Amalanke mai tayoyi na gudu a kanta. Wata igiyar na jan amalanken gaba da baya, ta uku kuma na ɗaga ƙugiya da sauke ta, duk daga ɗakin inji guda.

Inda ake tafka kuskure shi ne cikin da babbar igiya ke yi, wato lanƙwasawar da take yi ƙasa a tsakiya. Wanda bai san aikin ba gani yake gara a ja ta ta miƙe tsaf. Ina! Idan kaya na tsakiya, ƙarfin da ke jan hasumiya shi ne nauyi sau tazarar da ke tsakanin hasumiyoyin, a raba da ninki huɗu na zurfin cikin. Tan 10, tazara mita 500, ciki mita 25: jan tan 50 ke nan, ba a ma sa nauyin igiyar kanta ba. Rage cikin zuwa rabi, ja ya koma tan 100, daga nan sai turken da ke riƙe igiyar ya tumɓuke ko hasumiya ta karkace.

Igiyar ɗagawa ma tana da nata halin. Idan ƙugiya ba kaya, nauyin igiyar ya kan rinjaye ta, ta yi lagwas tsakanin hasumiya da amalanke, ƙugiyar ta ƙi sauka. Shi ya sa ake yin ƙugiya mai nauyi, a jera ƙananan matallafai da ke riƙe igiyar a hanya.

Sai lokacin juye kankare. Da zarar an buɗe bokiti gaba ɗaya, nauyi ya bar igiya lokaci guda, ta yi tsalle sama da bokitin kamar baka da aka saki. A hankali ake buɗe shi, kuma mai tuƙi, wanda sau da yawa ba ya ganin inda kayan ke sauka, ba ya motsa komai sai mai ba da alama a ƙasa ya ce masa.