Mozayik: A Bar Wa Gini Adonsa

Wanda ya ga hoton mozayik a gidan tarihi, an kafa shi a bango ƙarƙashin fitilar lantarki, rabin abin ya gani. Wannan sana'a ta jera ƙananan duwatsu da gutsattsarin gilashi har su ba da hoto, tun asalinta tare take da gini. Shi ya sa nake ganin bai kamata a riƙa ɓamɓare mozayik daga inda aka yi shi ba, sai in babu makawa.

A birnin Uruk, cikin ƙasar Iraƙi ta yau, fiye da shekara 5,000 da suka wuce, magina kan cusa 'yan turakun gasasshen yumɓu cikin ɗanyen bango, kawunansu ja da baƙi da fari suna ba da zane. Ado ne, kuma kariya ce ga bangon laka. Girkawa a birnin Pella suka yi nasu da tsakuwar rafi a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya aka koyi sassaƙa dutse ƙanana-ƙanana, sai hoto ya fara fitowa har da inuwa.

Dubi hoton yaƙin Iskandar da Sarki Dariyus na Farisa, wanda aka tono a garin Pompeii na Italiya a 1831, bayan tokar dutse mai aman wuta na Vesuvius ta binne shi tun shekara ta 79. Duwatsunsa sun haura miliyan ɗaya. A ƙasan ɗaki aka shimfiɗa shi, don mai shiga ya dube shi daga sama. A 1843 aka ɗauke shi zuwa Naples, daga baya aka tsayar da shi a bango. An tsira da shi, gaskiya ne, amma ɗakin da aka auna shi dominsa kwafi ya samu.

Abin ya fi fitowa fili a aikin Rumawan Gabas. A cocin San Vitale da ke Ravenna a Italiya, wanda aka keɓe a 547, gwanaye sun saka zinariya tsakanin gilashi biyu, sannan suka riƙa karkata kowane gutsure kaɗan don ya cafke hasken taga da na fitilar mai. Kana tafiya, bango yana ƙyalli yana sauyawa. Yaya za a yi a ɗauko wannan a kai wani ɗaki?

Musulmi sun karɓi sana'ar suka ba ta wata fuska. Ƙubbatus Sahra a Ƙudus, da Halifa Abdulmalik ya kammala wajen 691, da Masallacin Umayyawa na Dimashƙa, an lulluɓe su da bishiyoyi da ganyaye da rubutu, a Dimashƙa har da koguna da gidaje, babu surar mutum. Mihrabin masallacin Ƙurɗuba a Andalus kuwa, a zamanin Hakam na biyu, gwani daga Kustantiniya (Istanbul ta yau) aka kawo ya koya wa masu aikin. Waɗanda suka rage suna nan a mazauninsu, kuma shi ya sa har yau suke taɓa zuciya.

Na san hujjar masu ɗaukewa, kuma ba ta banza ba ce. Da ruwan madatsar Birecik ya taso wa tsohon garin Zeugma a Turkiyya a shekarar 2000, da ba a kwashe hotunan ba da yanzu suna ƙarƙashin ruwa. Ɓarayi ma suna nan. Bayan 1974 aka farfasa mozayik na cocin Kanakariya a tsibirin Saifurus aka sayar, sai da aka kai ga kotu a Amurka kafin a mayar da wasu a 1991. To amma maganin ɓarawo gadi ne. Kasuwar da ta mai da mozayik kayan ratayewa ita ce ke ba shi ƙwarin gwiwar zuwa da guduma.

Hanyar da na fi yarda da ita tana Yariko, a Falasɗinu. A fadar Hisham, an gina rumfa a kan shimfiɗar mozayik mai faɗin fiye da murabba'in mita 800, da taimakon Japan, aka buɗe a 2021. Baƙi na bi ta kan gada suna kallon bishiyar nan da zaki ke kama barewa a gindinta, a daidai inda mai aikin ya durƙusa ya jera ta.