Hannun Alhaji Mai Ƙarfe

ALHAJI: Wash Allah! Hajiya! Amarya! Wai babu mutane a gidan nan ne, ko sai na mutu za ku fito?

HAJIYA: Gani nan Alhaji, lafiya?

ALHAJI: Ƙuda ne a kan hancina. Kore shi.

HAJIYA: Toh ɗaya hannun fa, shi ma tiyatar aka yi masa?

ALHAJI: Hagun? Haba Hajiya, da girmana da furfurata in kai hagu fuskata? Ashe tarbiyyar da zan koya wa yara kenan.

Hajiya ta kore ƙudan da gefen mayafi, ƙarfin da ta sa dai ya fi na korar ƙuda, Allah ne ya sa hancin ya tsira. Sati 6 likita ya ce a rataye hannun nan bayan an sa masa ƙarfe a damtse a asibitin ƙashi na Dala, yau ana sati na 11, maratayin asibitin ma tuni Alhaji ya yar da shi wai kalar ba ta shiga da kayansa, tela ya ɗinka masa guda biyar na shadda, kowane da aikin sama irin na rigar da zai sa.

AMARYA: Alhaji kuɗin cefane, rana tana yi.

ALHAJI: Suna aljihun dama.

AMARYA: Toh ciro mana.

ALHAJI: Da wane hannun? Kin ga irin rashin tausayin da nake faɗa ko?

AMARYA: Bari in ciro da kaina.

ALHAJI: Kul! Ɗinkin yana kusa da wajen.

AMARYA: Ɗinkin damtse ne ya gangaro har aljihun wando?

ALHAJI: Jijiya ce yarinya, ke me kika sani a harkar jijiya? Ku dafa abin da ke gidan. Amma ni a yi min farfesun ƙafar sa, likita ya ce ƙashi sai da ƙashi.

HAJIYA: Ina wajen fa, madara da wake da kifi ya ce.

ALHAJI: Bayan kin fita ya faɗa min.

Sai ga sallama. Malam Maƙwabci ne, dubiya ta tara kenan, kuma bai taɓa kuskuren zuwa ba sai an sauke tukunya. Lemo biyu ne a ledarsa, ɗaya ma ya fara laushi.

MAƘWABCI: Sannu Alhaji, ya jikin? Allah ya sa kaffara ne.

ALHAJI: Amin. Da sauƙi dai za a ce don kar a yi wa Allah butulci. Auta! Ɗauko hoton.

AUTA: Abba ya gani fa jiya.

ALHAJI: Jiya babu wuta, bai gani da kyau ba.

AUTA: Yau ma babu.

Wannan kam gaskiyar yaro, rabon layin da wuta tun ranar da suka kawo bil. Haka aka fito tsakar gida aka ɗaga hoton ƙashin a rana, Alhaji yana nuni da haɓa.

ALHAJI: Ƙirga kusoshin nan Malam.

MAƘWABCI: Ɗaya, biyu... takwas.

ALHAJI: Goma sha biyu ne, sauran suna ta baya. Ƙarfen Jamus ne, irin wanda ake ƙera jirgin sama da shi. Yanzu ni in na je filin jirgin Malam Aminu Kano sai na'ura ta yi ta ƙara har sai babban jami'i ya fito da kansa. Hadari ma kafin ya haɗo ni nake fara ji a hannuna.

AMARYA: Shekaranjiya ka ce za a yi ruwa muka kwashe shanya, har yau ko yayyafi.

ALHAJI: An yi a Wudil.

MAƘWABCI: Ikon Allah! Wai ya ma abin ya faru ne? Rannan ka ce tirela ce a titin Zariya.

ALHAJI: Tirela biyu.

AUTA: Abba ba ragon layya ne ya tunkuye ka ka faɗa kwata ba?

ALHAJI: Hajiya ki fitar min da yaron nan kafin in manta ba ni da hannu.

An kawo farfesun. Abin mamaki hannun da ba ya iya kaiwa aljihu sai ga shi ya leƙo daga cikin shadda a hankali ya cafki ɓargo, da Alhaji ya ga idon Amarya a kansa sai ya saki wani nishi ya ce gwaji yake yi. Malam Maƙwabci kuwa bai tsaya gwaji ba, ya naɗe hannun riga.

MAƘWABCI: Ni fa Alhaji da ka yi shawara da ni da ba a yanka ka ba. Akwai wani mai ɗori a ƙauyenmu, gado ne tun kakansa, ƙafar kaza zai karya ya ɗaure tare da taka, ranar da kazar ta taka ranar za ka warke.

HAJIYA: In aka yanka kazar fa?

MAƘWABCI: Ai ba a yankawa Hajiya. Sannan ka daina cin gyaɗa da ƙwai, suna sa ciwo ruwa. Nama ma bai kamata ya yi maka yawa ba, bari in rage maka wannan.

Kowa ya zo dubiya likita ne. Wanda bai taɓa ba ka ko naira ɗari ta adaidaita ba shi zai zauna ya lissafa maka kurakuran da likitan da ya shekara yana karatu ya yi, ya cinye abincin mara lafiya, ya tashi yana cewa a dai ci gaba da addu'a.

HAJIYA: Alhaji tunda ga Malam a zaune bari in faɗa a gabansa. Likitan gashin ƙashi ya ce ƙashi ya haɗe, saura motsi. Ya ce ka riƙa matsa ƙwallon roba, ka tsaya gaban bango kana tafiya da yatsu sama kullum kana ɗara na jiya, in ba haka ba kafaɗar da gwiwar hannun za su sandare, kuma buɗe su daga baya ya fi tiyatar zafi.

ALHAJI: Ni? Mai shago uku a Kantin Kwari in tsaya ina shafa bango kamar ƙadangare, yara suna kallo? Ƙwallon ma ina take?

AUTA: Ka ce in je in buga.

ALHAJI: Yaron nan ɗan gwaggonsa ne, ba ya ɓoye magana. Ku bar ni da ciwona, ni na san abin da nake ji. Ko alwala sai an zuba min ruwa, hula sai an kafa min, waya sai an riƙe min.

AMARYA: Da daddare wa yake riƙe maka kake kallon TikTok har ƙarfe biyu?

ALHAJI: Wa'azi nake ji.

AMARYA: Da kiɗa?

Hajiya ta kalli Amarya, Amarya ta kalli Hajiya. Mutanen da ko gishiri ba sa ara wa juna sai ga su sun shige ɗaki ɗaya sun turo ƙofa, duk magidancin da ya ga haka a gidansa ya san ba alheri ake ƙulla masa ba. Can suka fito suna murmushi.

HAJIYA: Alhaji mun yanke shawara, tunda hannun ba ya shiga aljihu mun hutar da kai. Katin ATM ɗinka yana wajenmu, Auta ya ba mu lambar.

ALHAJI: Auta!!

AUTA: Kai ka ce in riƙa danna maka a wajen mai POS, yatsunka ba sa motsi.

AMARYA: Yaya ta ce mu fara da atamfa bibbiyu, sai gas, sai kuɗin makarantar yara da aka ce sai hannu ya warke.

ALHAJI: Yaya? Yaushe ta zama yayarki? Ina katin yake?

HAJIYA: Ga shi can mun manna a bango, saman agogo. In ka ɗauko da hannun dama naka ne.

Alhaji ya dubi katin, ya dubi Malam Maƙwabci da ke suɗe kwano, ya miƙe yana salati. Ya zare maratayin ya miƙa wa Auta ya ce a riƙe da kyau kar ya yamutse, ya dafa bango ya fara tafiya da yatsu yana wash yana Allah ya isa, gumi har cikin kunne. Da gaske fa akwai zafi, wannan karon ba wasa yake ba, kafaɗar ta riga ta fara riƙewa. Saura kamar taƙi ɗaya hannun ya tsaya cak.

HAJIYA: Madalla, yau ka kai nan. Auta sa alama da gawayi. Gobe sai a ƙara.

ALHAJI: Katin fa?

AMARYA: Yana nan yana jiranka, mu yau da tiransifa za mu yi amfani, wayarka ma lambar ɗaya ce.

MAƘWABCI: Alhaji ko in ɗauko maka?

HAJIYA: Malam ka taɓa katin nan, farfesun yau shi ne na ƙarshe.

MAƘWABCI: Ai gaskiyar likita ce Alhaji, motsi yana da kyau.

ALHAJI: Munafuki. Auta mayar min da maratayina, ba wannan ba, mai ruwan toka. Kuma ku goge gawayin nan kafin la'asar, 'yan kasuwa za su zo dubiya, na ce musu ko cokali ba na iya ɗagawa.