Hannu ba ya faɗawa sai da yawan aiki

Malam ka ce maganin matsalar tiyatar zuciya a Najeriya shi ne gwamnati ta yi ta tura likitocin zuciya waje su ƙaro ilimi, to ni dai ban yarda da kai duka ba gaskiya. Ai ba yau muka fara ba, tun 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a asibitin koyarwa na Enugu, har babban likitan zuciya Magdi Yacoub ɗan Masar ya zo aka yi da shi, amma aka riƙa yi ana tsayawa, to ta ina hannu zai faɗa?

Jijiyar jinin zuciya da ake ɗinkewa fa faɗinta kusan milimita 2 ne, zaren kuma siriri kamar gashin kai, sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa sosai, wallahi wannan ba a aji ake koyonsa ba, shekaru mutum zai yi yana taya babban likita, sannan a bar shi ya ciro jijiya daga ƙafa wadda za a ɗinka a zuciyar, ya tsaga ƙashin ƙirji, can daga baya a sakar masa ɗinkin, ogansa na tsaye a kansa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai mai kula da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, da mai sa barci, da nas-nas, duk sai sun saba da juna.

Yanzu likita ya dawo daga Indiya inda kullum ake yi, ya zo nan ya zauna watanni yana jiran majinyaci ya haɗa kuɗi, ga dizal, ga kayan aiki sai da dala ake sayensu, haba ina amfanin tafiyar?