Bayan wa'azi, wa zai riƙe yarinyar?

Wani labari da na karanta ya ce shugabannin Kirista suna adawa da zubar da ciki, suna kuma kira a tallafa wa masu juna biyu. Ni Musulma ce, amma a nan bakinmu ɗaya. Sai dai Malam da ya yi sharhi a kan labarin cewa doka ta hana zubar da ciki gaba ɗaya, ka sake dubawa: tun gyaran 1985 dokar Ghana ta yarda idan fyaɗe ne, ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Awon ciki da haihuwa ma kyauta ne a NHIS, inshorar lafiya ta ƙasar Ghana, tun 2008, to amma wa ke biyan kuɗin ɗaki da abinci? A unguwar Aboabo ta Kumasi na ga yarinya 'yar kayayei (mata masu dakon kaya a ka), ciki wata bakwai, tana ɗaukar buhun albasa a kasuwar Kejetia, dare ya yi ta shimfiɗa kwali a bakin shago. Wanda ya yi cikin ya gudu, gida kuma tana tsoron gori. Asibitocin mishan suna ƙoƙari, ban musa ba. Amma coci ko masallacin unguwarmu, wanne ya taɓa ware ɗaki ɗaya saboda irinta?